Kumburin hanyar numfashi daban, "infekshan" daban

Tunda hunturu ya shigo, kusan duk shirin lafiyar da ka kunna a rediyo sai ka ji ana ta ambaton kumburin hanyar numfashi. Masu tallan magani ma sun cafe kalmar, sun cuɗa ta da sanyi da "infekshan", wato kamuwa da ƙwayar cuta, sun mai da su abu guda. Wannan cuɗanyar ce ke ci mini rai, domin ita ke kai mai busasshen tari kemis ya sayi amoksisilin, wani antibayotik mai kashe ƙwayoyin cuta, ya shanye, tari na nan daram, ya koma ya ƙaro.

Kumburi martani ne na jiki. Ƙwayar cuta takan tsokano shi, haka ma ƙura, da hayaƙin icce, da ƙwannafin da ke haurowa maƙogwaro. Fatar cikin bututun iska sai ta yi ja ta yi kauri, fararen ƙwayoyin jini su taru a wurin. Ido ba ya ganinsa, hoton ƙirji ma yakan fito lafiya lau.

Jijiyoyin tari suna cikin wannan fata. Idan kumburin ya daɗe sai su zama kamar fatar da ta ƙone, ko riga ce ta goge ta sai mutum ya zabura. Shi ya sa uwargida na sa turaren wuta, ko iskar asuba ta bugi mutum a hanyar masallaci, ko ya ƙyalƙyale da dariya, sai tari ya sarƙe shi har da hawaye, ba ko ɗigon majina. Akwai asmar da tari kaɗai ne alamarta. Akwai kuma wani nau'in kumburin da aka bayyana a 1989, inda ƙwayoyin jinin da ake kira iyosinofil ke taruwa a hanyar iska alhali gwajin numfashi bai nuna asma ba. Maganin shaƙa mai siteroyid, sinadarin da ke rage kumburi, shi ne ke kwantar da su duka biyun. Antibayotik ba abin da yake tsinana musu, sai ɓarnar kuɗi da koya wa ƙwayoyin cuta taurin kai.

A wurin likitoci, tari ya zama daɗaɗɗe idan ya wuce mako 8 ga babba, mako 4 ga yaro. Amma a Najeriya kada ka jira haka: tarin da ya kai mako 2 a kai kaki a yi gwajin tarin fuka, kyauta ne a asibitocin gwamnati. Mai shan lisinopril ko captopril don hawan jini kuma ya faɗa wa likita, su ma suna haddasa busasshen tari.