Mece ce hanyar JAK-STAT?

Ƙwayoyin garkuwar jiki suna aika wa juna saƙo ta wasu ƙananan furotin da ake kira saitokin, irin su intafiron da intalukin. Shi saitokin kamar ɗan aike ne da iyakarsa bakin ƙofa, ba ya shiga cikin ƙwayar da aka tura shi wurinta. Hanyar JAK-STAT ita ke ɗaukar saƙon daga nan zuwa ciki.

A jikin fatar ƙwayar akwai makarɓin saƙo, kansa a waje, wutsiyarsa a ciki. Wutsiyar ba ta iya komai ita kaɗai, sai dai tana riƙe da wani furotin mai suna JAK. Da saitokin ya kama makarɓin, sassansa biyu sai su matso kusa, JAK ɗin wannan ya liƙa wa na wancan sinadarin fosfet, duka su farka. Daga nan su liƙa fosfet a wutsiyar kanta, wurin ya zama masauki ga wani furotin, STAT. Shi ma a liƙa masa nasa, ya haɗu da ɗan uwansa su zama biyu, su wuce cibiyar ƙwayar, su zauna a kan DNA su kunna ƙwayoyin gadon da ake buƙata. Cikin mintuna ake gama wannan.

Abin mamakin shi ne ƙarancin kayan aikin. JAK huɗu ne kacal a jikin ɗan Adam, STAT bakwai, amma saitokin fiye da 50 ke bi ta kansu. James Darnell da George Stark da Ian Kerr ne suka gano hanyar a farkon shekarun 1990, suna binciken intafiron. Ba kowane saitokin ke bin ta ba, misali waɗanda ake kira TNF da IL-1 tasu hanyar daban ce.

A ganina kashe saƙon ya fi kunna shi ban sha'awa, domin cikin abubuwan da STAT ke kunnawa har da furotin SOCS, waɗanda ke komawa su toshe JAK. Idan JAK2, ɗaya daga cikin JAK huɗun, ya lalace ya ƙi daina aiki, ɓargo yakan yi ta zuba jajayen ƙwayoyin jini fiye da kima. Jaririn da aka haifa babu JAK3 mai aiki kuwa, kusan ba shi da garkuwa.

A 2012 Amurka ta amince da tofacitinib, maganin da ke danne JAK, ga masu amosanin gaɓɓai na rumatoyid. Yana rage kumburi, amma yana rage garkuwa, shi ya sa ake gwada majiyyaci tarin fuka kafin a ɗora shi a kai.