Tallafin Kuɗi ga Shirye-shiryen Ɗebe wa Karnukan Mafaka Kewa

Tallafin ɗebe kewa kuɗi ne da gidauniyoyi da kamfanoni ke bai wa gidajen da ke tsugunar da karnukan da suka ɓata ko aka yasar, domin a samar musu da wasa, motsa jiki, horo da cuɗanya, ban da abinci da magani. Wannan tsari ya fi bunƙasa a Amurka, inda mafakar dabbobi ta kasu gida biyu, wato waɗanda ƙananan hukumomi ke gudanarwa da kuma na ƙungiyoyin da ba sa neman riba. Kuɗin da ake bayarwa ba su cika yawa ba idan aka gwada su da na gini ko na asibitin dabbobi, amma sharuɗɗan da ke biye da su ba su da sauƙi.

Dalilin tallafin

Karen da aka kawo mafaka yakan tsinci kansa cikin keji, ga haushin wasu karnuka dare da rana, ga baƙin fuskoki. Bincike ya nuna cewa sinadarin kotisol, wanda ke nuna damuwa, yana hauhawa a jikinsa a kwanakin farko. Idan zaman ya yi tsawo, wasu sukan riƙa kewaye kejin ba tsayawa, ko su dinga lasar ƙafa har ta yi gyambo, wasu kuma su lafe a lungu su ƙi kallon kowa. Irin wannan kare da wuya mai neman abin kiwo ya zaɓe shi, kuma wanda ba a zaɓa ba shi ne ya fi kusa da allurar kashewa idan wuri ya yi ƙaranci. Shi ya sa ƙungiyar likitocin mafakar dabbobi ta Amurka, a ƙa'idojin da ta fitar a 2010 ta kuma sabunta a 2022, ta ɗauki ɗebe kewa a matsayin wajibi daidai da ciyarwa da kula da lafiya.

Abin da ake yi da kuɗin ya haɗa da killace fili domin karnuka su yi wasa rukuni-rukuni, hanyar da ƙungiyar Dogs Playing for Life ta Aimee Sadler ta yaɗa, da sayen gadaje masu ɗan tudu, da kayan taunawa irin na Kong, wanda ake ɗura wa markaɗaɗɗiyar gyaɗa a daskarar da shi domin kare ya daɗe yana fama da shi. Akwai kuma fitar da kare yawo ko kai shi ya kwana a gidan wani ɗan sa-kai, kuma binciken Lisa Gunter da abokan aikinta na 2019 ya nuna cewa irin wannan kwana yana rage kotisol na tsawon ziyarar.

Waɗanda suka cancanta

Daga cikin manyan masu bayarwa akwai ASPCA, ƙungiyar hana cin zalin dabbobi wadda Henry Bergh ya kafa a New York a 1866, da Maddie's Fund ta Dave da Cheryl Duffield wadda ta fara a 1994, da PetSmart Charities, Petco Love da Pedigree Foundation. Kowacce da nata tsarin, amma kusan dukkansu sun haɗu a kan sharaɗi guda: mai nema ya zama hukumar gwamnati, ko ƙungiyar da hukumar haraji ta IRS ta yafe wa haraji a ƙarƙashin sashe na 501(c)(3) na dokar harajin Amurka. Mutum ɗaya, kome yawan karnukan da ya tara a gidansa, ba ya cikin wannan sahu. Ƙaramar ƙungiyar da ba ta kai ga samun takardar IRS ba tana iya raɓuwa da wata mai rajista, wadda za ta karɓi kuɗin ta kuma ɗauki alhakinsu, idan mai bayarwar ya yarda da hakan.

Samun takardar bai isa ba, sai an riƙe ta. Dole ƙungiya ta riƙa miƙa wa IRS fom ɗin bayanin kuɗi mai lamba 990 kowace shekara, wadda kuɗin shigarta ba sa wuce dala 50,000 kuwa akwai ɗan gajeren fom na intanet da aka tanadar mata. A bisa dokar da aka zartar a 2006, duk wadda ta yi shekara uku a jere ba ta miƙa ba, yafiyarta ta faɗi kai tsaye. Nan ne ƙananan ƙungiyoyin 'yan sa-kai ke yawan tuntuɓe, musamman idan ma'aji ya sauka ba tare da ya miƙa wa magajinsa takardu ba.

Bayan haraji sai ƙididdiga. Yarjejeniyar Asilomar ta 2004 ce ta daidaita yadda ake lissafa dabbobin da suka fita daga mafaka da rai, kuma gidauniyoyi da dama suna son mai nema ya riƙa shigar da alƙalumansa a rumbun bayanai na Shelter Animals Count. Yawanci ana kuma neman tabbacin cewa ana yi wa dabba aikin hana haihuwa kafin a ba da ita.

Cika alƙawari bayan karɓar kuɗi

Kuɗin tallafi ƙayyadaddu ne, ma'ana abin da aka rubuta a takardar nema shi kaɗai za a yi da su. Idan an karɓa domin shingen filin wasa sai cutar parvo ta ɓarke, ba a da ikon juya su zuwa magani sai da rubutaccen izinin mai bayarwa, ko da kuwa bukatar ta fi gaggawa. Ana adana rasit na kowace sayayya, a ware kuɗin a littafin ajiya, a kuma miƙa rahoto a kan lokaci, na kuɗi da na bayanin aiki, galibi tare da hotuna. Abin da ya saura bayan wa'adi sau da yawa mayarwa ake yi, kuma wanda bai kammala rahoton baya ba da wuya a saurari sabuwar bukatarsa.

Akwai kuma sharuɗɗan da suka shafi lafiya. Kayan wasa sai sun zama masu wankuwa da maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin su wuce daga wannan kare zuwa wancan, sannan a duba kwalbar gyaɗa kada ta ƙunshi sinadarin zaƙi na zailitol, wanda guba ne ga kare. Wasan rukuni yana bukatar horarrun ma'aikata, rajistar cizo da raunuka, da inshora.

Inda tsarin ke da rauni shi ne wurin auna sakamako da biyan ma'aikata. Ƙirga ƙwallaye da gadaje abu ne mai sauƙi, amma nuna cewa hankalin kare ya kwanta ba haka yake ba, don haka akan koma ga tsawon kwanakin zama da yawan karnukan da aka dawo da su bayan an ɗauka, alhali waɗannan alƙaluma suna sauyawa saboda dalilai da yawa da ba ruwansu da wasa. Ƙari a kan haka, tallafi da dama na sayen kaya ne na shekara guda, ba na albashi ba, ga shi kuwa filin wasa ba ya amfanar kare sai da mutumin da zai buɗe keji ya fito da shi kullum. Mafakar karkara mai ma'aikata biyu ko uku, wadda karnukanta suka fi kowa zaman kaɗaici, ita ce kuma ba ta da mai zama ya cika fom, shi ya sa wasu masu bayarwa ke sauƙaƙa takardun nema ga ƙananan tallafi.

A Ingila da Wales makamancin sharaɗin shi ne rajista da hukumar kula da ƙungiyoyin agaji, wadda ta wajaba a kan ƙungiyar da kuɗin shigarta suka haura fam 5,000 a shekara. Dokar jin daɗin dabbobi ta 2006 a can ta ɗora wa mai riƙe da dabba nauyin ba ta damar nuna ɗabi'arta ta asali, kuma gidan karnuka da kuliyoyi na Battersea da ke Landan, wanda aka kafa a 1860, yana cikin masu tallafa wa ƙananan mafaka da kuɗi da horo.