Mece ce "mahaukaciyar guguwa" da muke ji a rediyo?

A Damagaram idan an ce guguwa, hankalin mutum na zuwa kan 'yar iskar nan ta rani mai juyi, wadda ke tashi da ƙura da ledoji, ta kayar da zana, yara na bin ta da ihu. Minti biyu ta watse. Wadda 'yan jarida ke kira mahaukaciyar guguwa kuwa, suna kawai suka haɗa.

Ita a kan teku take tasowa. Sai ruwan ya yi ɗumi kamar digiri 26 zuwa 27, tururi ya yi ta hawa sama, gajimare ya dunƙule ya shiga juyawa. Ba a ba ta wannan suna sai gudun iskarta ya kai kilomita 119 a awa, mai mataki na 5 kuma, wato mafi ƙarfi, daga 252 take farawa. Faɗinta kan wuce tazarar Zinder da Maraɗi. A tsakiyarta akwai wurin da ake ce wa ido, inda iska ke kwantawa har a ga rana, mutum ya fito yana zaton an gama, ɗaya ɓangaren ya riske shi a waje. Kuma ruwa ya fi iskar kisa, musamman na teku da take turowa cikin gari. A 2005 guguwar Katrina ta fasa shingayen birnin New Orleans na Amurka, mutum fiye da 1,000 suka mutu.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da yawa cikin manyansu daga sararinmu suke samo asali. Hadarin da ke taso mana daga gabas da damina, ya wuce yamma, wani yakan faɗa tekun Atlantika ta wajen Senegal da tsibiran Kap Bar, can ya yi ƙiba, ya doshi Haiti, Kuba ko Florida.

To me ya zaunar da mutane a bakin tekun? Abin da ya zaunar da mu a gidajen ƙasa. Masallacin Birni mai tarihi na Damagaram ya rushe da ruwan 2024, amma ba a kwashe unguwar ba, sai yaɓe da gyaran indararo kafin damina ta gaba. Mazauna bakin Atlantika ma sun san lokacinsu: daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba. Ana tanadin ruwan sha, abincin gwangwani, tocila da man janareta, a buga katako a tagogi, wasu gidajen ma a kan dirkoki ake ɗora su. In hukuma ta ce a fita, a ɗauki yara da takardu a hau mota. Bayan kwana biyu ko uku a dawo da tsintsiya da guduma, a duba abin da ya saura na rufi.