Aiki, Talauci da Lalura: Tambayoyi Kan Halin da Nakasassu da Masu Ciwon Ƙwaƙwalwa Ke Ciki

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane biliyan 1.3, wato kusan kashi 16 cikin ɗari na al'ummar duniya, suna rayuwa da wata nakasa mai tasiri. Ta kuma ce a shekarar 2019 mutum ɗaya cikin kowane takwas yana fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa. Idan aka zo maganarsu a wajenmu, yawanci a kan magani ake tsayawa, ko addu'a, ko sadaka. Ba kasafai ake tambayar me suke yi da safe idan kowa ya fita nema ba. Tambayoyin da ke ƙasa a kan wannan suke.

Talauci ne ke jawo ciwon ƙwaƙwalwa, ko ciwon ne ke jefa mutum cikin talauci?

Duka biyun suna faruwa, kuma masana sun daɗe suna muhawara kan wanne ya fi ƙarfi. Magidancin da kullum yake kwana da lissafin kuɗin haya, kuɗin makaranta da bashin mai shago, barcinsa yana raguwa, zuciyarsa tana ƙuntata, daga nan ciwon damuwa ko fargaba kan samu ƙofa. Ta ɗaya ɓangaren kuma, akwai wanda ciwon ne ya fara kama shi yana da rufin asirinsa, sannan ya rasa aiki, ya cinye jari, ya sayar da babur, har ya koma hannun 'yan'uwa.

Manyan cututtuka irin wanda ke sa mutum jin muryoyi ko ganin abin da babu sun fi bin hanya ta biyu. Sukan bayyana ne daga ƙarshen shekarun samartaka zuwa shekara ashirin da wani abu, daidai lokacin da yaro yake jami'a ko yake gab da samun 'yanci a wurin ubangidansa na sana'a. Ciwon yakan katse masa karatu ko koyon aiki, kuma ko an samu sauƙi bayan shekara biyu ko uku, sa'anninsa sun riga sun yi nisa. Ciwon damuwa da fargaba kuwa sun fi alaƙa da matsin rayuwa kai tsaye.

Akwai binciken da ya haska wannan sosai. A jihar North Carolina ta Amurka, masu bincike suna bibiyar lafiyar yara 1,420, sai a 1996 aka fara raba wa iyalan ƙabilar Cherokee kuɗi daga ribar wani gidan caca da aka buɗe a yankinsu. Sakamakon da aka wallafa a 2003 ya nuna cewa yaran da iyayensu suka fita daga talauci sun samu raguwar matsalolin ɗabi'a, kamar taurin kai da faɗace-faɗace, har suka yi daidai da yaran da ba su taɓa talauci ba. Ba likita aka ƙara musu ba, kuɗin gida ne ya ƙaru. Damuwa da fargabar yaran dai ba su sauya sosai ba a wancan lokacin, abin da ke nuna kuɗi ba ya magance komai.

Idan 'yan'uwa suna ciyar da mutum, me zaman gida zai rage masa?

Abubuwa da yawa, kuma nan ne mutane suka fi yin kuskure. A farkon shekarun 1930 an rufe masaƙar da kusan dukan mutanen wani ƙauye mai suna Marienthal a ƙasar Ostiriya suka dogara da ita. Wata mai bincike, Marie Jahoda, da abokan aikinta suka je suka zauna da mutanen, suka wallafa abin da suka gani a 1933. Mazan garin sun samu lokaci mai yawa, amma aron littafi a ɗakin karatu ya ragu, harkokin ƙungiyoyi suka mutu, har tafiyarsu a kan titi ta yi sanyi. Matan da aikin gida bai bar su sun zauna ba, ba su rasa tsarin yininsu kamar mazan ba. Daga baya Jahoda ta bayyana cewa aiki yana ba mutum abubuwan da suka wuce albashi: lokacin tashi da na kwanciya, cuɗanya da mutanen da ba na gida ba, jin cewa ana buƙatarsa, da sunan da ake kiransa da shi a gari.

Mu ma mun san wannan. A unguwa ana cewa wane tela, wane mai shayi, wance mai ƙosai. Wanda ba shi da abin yi, ko a taron dangi ba a cika neman shawararsa ba, ko ƙannensa sai su fara yanke hukunci ba tare da shi ba. To, a haɗa wannan da mutumin da ya dawo daga asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Kware ko Barnawa, an ce masa ya zauna ya huta, kada ya taɓa komai. Niyya mai kyau ce, amma zaman nan na wata da watanni shi ne yake ƙara masa jin cewa ya zama kaya. A ganina, yawancin gidajen da suke ganin suna tausaya wa ɗan'uwansu ta hanyar hana shi motsi, cutar da shi suke yi ba su sani ba.

Me ya sa ake cewa nakasa tana da tsada?

Saboda abin da mai lafiya zai yi da naira ɗari, nakasasshe sai ya kashe fiye da haka. Gurgu ba zai iya rububin shiga motar haya ba, sau da yawa sai ya ɗauki shatar adaidaita, a kuma caje shi kuɗin kekensa. Makaho yana buƙatar ɗan jagora, kuma ɗan jagoran nan galibi yaro ne da ya kamata a ce yana aji. Kurma idan zai ga likita sai ya tafi da mai fassara masa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya ninka, kuma waɗanda ba su da zaɓin takawa a ƙafa su suka fi ji a jikinsu.

Ga mai ciwon ƙwaƙwalwa kuma, magani ba na mako ɗaya ba ne. Wasu sai sun shekara suna sha, wasu har ƙarshen rayuwa. A Nijeriya fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a harkar lafiya daga aljihun marasa lafiya yake fitowa. Likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, kuma kusan dukansu a manyan birane suke. Wanda yake ƙauye sai ya yi kuɗin motar mutum biyu, shi da mai rakiya, kafin a zo batun kati da magani. Idan wata ya yi nisa, sai a fara raba ƙwaya biyu, ko a daina sha gaba ɗaya. Ciwo ya dawo, a sake kwantar da shi, a sayar da akuya ko buhun hatsin da aka ajiye. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a 2022 mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskoki da dama, kuma mafi yawansu a arewa suke. Gidajen nan ne ake sa ran za su ɗauki wannan nauyi.

Akwai kuma asarar da ba a lissafawa: mai jinya. Yawanci uwa ce, ko mata, ko 'yar'uwa, wadda dole ta ajiye sana'arta. Gida ya rasa hannu biyu a lokaci guda.

Shin mai ciwon ƙwaƙwalwa zai iya riƙe aiki da gaske?

Da yawansu za su iya, kuma akwai hujja. Tsohon tsarin da aka saba da shi a ƙasashen Turai da Amurka shi ne a daɗe ana horar da marar lafiya a wani keɓaɓɓen wuri, sai an tabbatar ya shirya sannan a nema masa aiki. Mutane ƙalilan ne suke fita daga wannan horon zuwa aikin gaske. A farkon shekarun 1990, wasu masu bincike, Deborah Becker da Robert Drake, a jihar New Hampshire ta Amurka suka juya tsarin: a tambayi mutum irin aikin da yake so, a nema masa cikin gaggawa a kasuwar aiki ta kowa da kowa, da albashi irin na kowa, sannan a ci gaba da tallafa masa yana kan aikin, tare da likitocinsa. Gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe da dama sun nuna cewa waɗanda aka bi da su ta wannan hanya sun ninka sauran wajen samun aiki, kuma fargabar da ake yi cewa aikin zai tayar musu da ciwo ba ta tabbata ba.

Tunanin ba baƙo ba ne a ƙasar nan. A 1954 likitan ƙwaƙwalwa Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta, inda marasa lafiya suke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansu, suna zuwa asibiti da rana, suna shiga harkokin gari maimakon a kulle su. Duniya ta yaba da tsarin. Abin takaici ne a ce bayan shekara 65, a Satumbar 2019, 'yan sanda sun fito da mutane sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa, kuma a shekarar ce ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan yadda ake ɗaure masu taɓin hankali a wurare daban-daban na ƙasar.

A aikace, abin da ake buƙata ba mai yawa ba ne. A ɗaga wa mutum ƙafa ranar ganin likita. Idan maganinsa yana sa shi nauyin jiki da safe, a bar shi ya fara aiki da hantsi. A daina sa shi kwanan aiki, domin rashin barci yana tayar da wasu cututtukan. Ubangidan da yake da shago a Kantin Kwari ko gareji a bakin hanya zai iya yin duk wannan ba tare da ya yi asara ba.

Kowane irin aiki ne yake da amfani?

A'a. Aikin da ake cin zarafin mutum, ko ake riƙe masa haƙƙi, ko ake tsoratar da shi da kora kullum, yana iya zama daidai da rashin aiki wajen illa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ana asarar ranakun aiki biliyan 12 duk shekara saboda ciwon damuwa da fargaba. Kuma a nan gida mun ga yadda aikin ƙarfi mai tsawon awanni yake tura matasa shan tiramol don su jure, daga nan wata sabuwar matsala ta buɗe.

Me doka ta tanada?

Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu a 2010, wadda sashe na 27 nata ya yi magana kan 'yancin yin aiki. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wa nakasassu bambanci. Dokar ta nemi ma'aikatun gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki ga nakasassu, ta tanadi tarar naira miliyan ɗaya ga kamfanin da ya nuna bambanci, da naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum. Ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke ko makaho zai iya shiga, kuma wa'adin ya cika a Janairun 2024. A 2020 aka kafa hukumar kula da nakasassu ta ƙasa. Sai a Janairun 2023 aka sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 ta zamanin Turawa, ta kuma hana a nuna wa mai wannan lalura bambanci.

A takarda abin ya yi kyau. Amma duk wanda ya shiga sakatariyar jiha ko banki ya san matakala nawa ake hawa. Babbar matsalar kuma ita ce, yawancin 'yan ƙasa ba albashi suke ci ba: noma ne, kasuwa ce, sana'ar hannu ce. Kason kashi 5 ba ya isa gona, ba ya isa rumfar kasuwa. A can abin da ke yanke hukunci shi ne ko mai kaya zai yarda ya ba kurma bashi, ko matan unguwa za su sa wadda ta taɓa kwanciya a asibitin ƙwaƙwalwa cikin adashe.

To me ya sa wasu suka gwammace bara?

Tambayar tana da ɗaci amma tana kan hanya. A garuruwanmu bara tana da tsari, da sarkin makafi da sarkin guragu da sarkin kutare, kuma dokar 2019 ta haramta amfani da nakasasshe wajen bara. Sai dai a duba lissafin mutumin. Ba a sa shi makaranta ba, domin makarantun nakasassu irin na Tudun Maliki a Kano ko na makafi da ke Gindiri ba su wadatar ba. Babu mai ba shi jari. Idan an koya masa yin sabulu ko saƙa a taron kwana uku, aka ba shi takardar shaida, babu wanda ya tanadar masa kasuwa. Bakin masallacin Juma'a kuwa yana ba shi abin da zai kai gida a ranar. Kame mabarata ba tare da sauya wannan lissafin ba, kai su wani garin kawai yake yi.

Inda aka samu jari da kasuwa, labarin yakan bambanta. A Kano ƙungiyar waɗanda shan inna ya nakasa ta shafe shekaru tana ƙera kekunan guragu da kayan wasan yara na makarantu, mambobinta suna walda, suna koyar da na baya, suna riƙe da iyalansu. Mutanen nan kuma sun taka rawa wajen shawo kan iyaye su yarda da rigakafi, har aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar shan inna ta daji a Agustan 2020.

Wanda yake da irin wannan ɗan'uwa a gida, daga ina zai fara?

Daga magani, a tabbatar ba ya yankewa, ko da dangi za su yi karo-karo duk wata. Kuɗin ƙwayar wata guda ya fi arha a kan kwanciya asibiti. A bincika ko jihar tana da shirin inshorar lafiya na masu rauni, domin dokar inshora ta 2022 ta yi tanadin asusu dominsu. Sannan a tambayi mutumin kansa me yake son yi, kada a zaɓa masa. Kada a jira sai ya warke sarai. Idan tela ne, ya koma kan keke ko awa biyu ne a yini. Idan ɗalibi ne, a je makarantar a nemi a ɗage masa zango maimakon a bari a kore shi. A bar kuɗin da ya samu a hannunsa, ya yi cefane da shi, ya saya wa 'ya'yansa abin da ya ga dama. Idan za a kai shi wurin sabon ubangida, shi ne zai yanke ko a faɗi lalurarsa ko a'a, kuma idan ya amince a faɗa, a haɗa da bayanin ranakun da zai riƙa zuwa asibiti da lambar wanda za a kira idan an ga sauyi a tare da shi.