Onkojin: ƙwayar gado ce, ba ƙwayar cuta ba

Wani lokaci sai ka ji an fassara kalmar onkojin da "ƙwayar cutar kansa", kamar wata aba da ake kwasowa a ruwan rijiya. Fassarar nan tana ɓata mini rai, domin tun daga tushe take karkatar da mai sauraro. Ƙwayar gado ce da kowa aka haife shi da ita, tana aikinta lafiya lau, sai linzaminta ya tsinke ta fara ingiza jiki ga kansa, wato ciwon daji, sannan ta ci wannan suna.

Ga misali ƙwayar gado mai suna MYC, wadda ke kan kuromosom na 8 (kuromosom shi ne ƙunshin DNA mai ɗauke da ƙwayoyin gado). Furotin ɗin da take samarwa yana haɗa kai da wani mai suna MAX, su sauka kan DNA a inda haruffan CACGTG suke, su tayar da ɗaruruwan ƙwayoyin gado. A lafiyayyen sel, wato ƙwayar halittar jiki, cikin minti 20 zuwa 30 rabin furotin ɗin MYC ya rushe, shi ya sa ba ya wuce gona da iri.

Ɗaya daga cikin manyan ayyukansa yana wajen ƙera furotin. Yana zuga injinan kwafar RNA guda 3 a yi ƙarin raibosom, wato masana'antun ƙera furotin, kowanne da RNA 4 da furotin kusan 80. Yana ƙara furotin eIF4E, mai cafke hular da ke kan mRNA, wato saƙon da aka kwafo daga DNA, don a fara karanta shi. Har wajen yanka da ɗinkin saƙon yana sa hannu: yakan yawaita wasu furotin masu suna hnRNPA1, hnRNPA2 da PTB, su tsallake yanki na 9 na saƙon ƙwayar gado ta PKM su ɗinka na 10, sai a sami furotin PKM2, wanda ke taimaka wa sel ya juya sukari zuwa kayan ginin sababbin sel.

Ga abin da ke faruwa idan linzamin MYC ya tsinke. A 1958 likita Denis Burkitt ya bayyana wani ciwon daji mai kumbura muƙamuƙin yara a Yuganda, ana kuma ganinsa a Najeriya da Gana. A kusan kashi 80 cikin 100 na masu shi, MYC ce ta ɓalle ta manne a kuromosom na 14, kusa da makunnin da ke sa sel na B, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, yin garkuwar jiki ba hutu. Daga nan furotin ɗin MYC ya yi ambaliya, kumburin dajin yana ninkuwa cikin awa 24 zuwa 48.

Ƙwayar bairos ta Epstein-Barr da ta zazzaɓin cizon sauro suna share wa wannan ciwo fage, su ne ƙwayoyin cuta na gaske a nan. Ɓallewar kuwa a sel ɗaya na yaron take faruwa bayan haihuwa, don haka kada a ɗora wa dangin uwa ko na uba.