Kafin a kira ka lauya a Najeriya: rajista da binciken hali

Na samu gurbin karatun lauya a jami'a. Akwai rajistar da zan yi tun yanzu?

Ɗan aji ɗaya a Najeriya ba ya rajista da hukumar lauyoyi, saɓanin jihar Texas ta Amurka inda ake cike takardar niyya tun shekarar farko. Abin da ya kamata ka bincika yanzu shi ne ko Majalisar Kula da Ilimin Lauya ta amince da tsangayar da za ka shiga, don amincewar hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, kaɗai ba ta wadatar. Majalisar tana kuma yanka wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka. Idan jami'a ta zarce adadin, ɗalibai ne ke kwana a ciki: ga digiri a hannu bayan shekara 5, ga zaman jiran gurbi a Makarantar Horas da Lauyoyi. Iyaye su yi wannan tambayar kafin su biya kuɗin makaranta.

To yaushe ake rajistar?

Bayan digiri, lokacin neman shiga Makarantar Horas da Lauyoyi, wadda aka kafa da dokar 1962. Hedikwatarta na Bwari a Abuja, tana da rassa a Legas, Inugu, Yola, Yenagoa, Fatakwal da Bagauda ta Kano. Wanda ya yi digirinsa a waje sai ya fara da kashi na ɗaya na karatun kafin ya haɗu da sauran.

Me ake bincika a halin mutum?

Nan ne gizo ke saƙa. Dokar aikin lauya ba ta tsaya ga cin jarrabawa ba, ta ce sai majalisar manyan alƙalai da lauyoyi da ake kira Body of Benchers ta gamsu cewa mai neman mutumin kirki ne. Ana duba ko kotu ta taɓa samunsa da laifi, ko an taɓa dakatar da shi ko korarsa daga makaranta, ko an kama shi da satar amsa ko shiga ƙungiyar asiri. Tsangayarsa ma tana ba da shaida a kansa. Wato 'yar takardar da aka kama a aljihunka a jarrabawar aji biyu tana nan cikin fayil, za ta riga ka isa Bwari. Sannan sai mambobin majalisar biyu sun sa hannu sun tsaya maka, ka kuma halarci liyafar cin abinci uku, inda ake lura da shigarka da ladabinka.

Ni ban ga tsanani a nan ba. Gobe gadon marayu da takardun filin mutane za a damƙa wa wannan ɗalibi.

Idan ina da tabo a baya, in ɓoye?

Kada ka soma. Ka rubuta abin da ya faru, ka haɗa da takardun da ke nuna yadda aka ƙare. Tsohon kuskure ana iya sauraron bayani a kansa. Ƙarya a fom kuwa sabon laifi ce, kuma ita kanta hujja ce a kan halinka, ko da sai bayan an rantsar da kai ta fito.

Mace za ta iya sa hijabi ranar rantsarwa?

Za ta iya. An hana Firdausi Amasa shiga zauren bikin a Disambar 2017 saboda hijabinta, daga baya majalisar Body of Benchers ta amince, aka rantsar da ita da shi a Yulin 2018.

Da an rantsar shi ke nan?

Saura mataki ɗaya: sa suna a kundin lauyoyi da ke Kotun Ƙoli. Sai da shi za ka iya tsayawa gaban alƙali da sunan lauya.