Dokar sayar da giya a Ingila: abin da ke kan mai saye da abin da ke kan ma'aikacin kanti

Da yawa daga cikin ɗalibanmu da ke karatu a Ingila, aikin kanti ne na farko da suke samu. Bizar karatu ta ba su damar yin aiki na awa 20 a mako lokacin da makaranta ke buɗe, manyan kantuna da ƙananan shagunan unguwa kuma kullum suna neman ma'aikata. Kusan duk waɗannan shaguna suna sayar da giya, tana nan jere kusa da madara da burodi. Wanda ya tashi a Kano, inda Hisbah ke tara kwalaben giya a bi ta kansu da katafila, zai iya ɗauka cewa a Ingila abin sakaka ne, kowa ya sayar wa kowa. Akwai doka mai tsauri, kuma nauyinta mafi yawa yana sauka ne a kan wanda ya miƙa kwalba ya karɓi kuɗi.

Hukuncin giya a Musulunci sananne ne, ya haɗa da mai sha da mai sayarwa. Wanda ba ya son hannunsa ya shiga ciki, shawarata ya faɗa wa manaja tun ranar ɗaukar aiki, a kai shi wajen jera kaya ko ɓangaren tufafi ko gidan burodi. Dokar Daidaito ta 2010 ta hana a nuna wa ma'aikaci bambanci saboda addininsa, sai dai ba ta tilasta wa kanti ya amince da kowace buƙata ba, musamman ƙaramin shago mai mutum ɗaya a wurin karɓar kuɗi. Don haka magana tun da wuri ta fi tsayawa jayayya ga layi ya yi tsawo. Bayanin da ke tafe na wanda ya riga ya tsinci kansa a wurin ne, da kuma duk wanda yake son ya fahimci abin da yake gani a shagunan ƙasar.

Dokar da ake aiki da ita a Ingila da Wales ita ce Dokar Lasisi ta 2003, wadda ta fara aiki sosai a watan Nuwamba na 2005. Babu shagon da zai sayar da giya sai da lasisi daga ƙaramar hukumar yankin, kuma dole a ambaci sunan mutum ɗaya mai lasisin kansa wanda shi ne ke da alhakin cinikin giya a shagon. Duk wani ma'aikaci da ke sayarwa, da izinin mai irin wannan lasisi yake yi. Manufofi huɗu dokar ta zayyana: hana aikata laifi da tashin hankali, kare jama'a daga haɗari, hana damun maƙwabta, da kare yara daga cutuwa. Na ƙarshen nan shi ne ya fi shafar ma'aikaci a kullum.

Sashe na 146 ya ce laifi ne a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba giya. Ma'aikacin da ya sayar shi ne mai laifin da kansa, ba ya ɓuya a bayan sunan kamfani. 'Yan sanda na iya cin sa tarar fam 90 nan take, idan kuma aka kai maganar kotu, tarar ba ta da iyaka. Ga ɗalibin da ke zaune da biza abin ya wuce kuɗi, domin takardun sabunta biza suna tambayar ko an taɓa hukunta mutum. Sau da yawa ma aikin ne ke fara tafiya kafin a kai ga kotu.

Kariya ɗaya doka ta bar wa ma'aikaci. Sai ya nuna cewa ya yi imani mai sayen ya kai 18, sannan ko dai ya nemi shaidar shekaru an nuna masa wadda za ta gamsar da mai hankali, ko kuma babu wanda zai kalli mutumin ya yi zaton yaro ne. Wannan shi ne asalin tambayar katin shaida da ke ɓata wa masu saye rai. Tun 2010 aka wajabta wa kowane shago mai lasisi ya kasance da tsarin tantance shekaru, kuma shaidar da za a karɓa sai mai hoto da ranar haihuwa da tambarin nan mai ƙyalli da ke da wuyar kwaikwayo. Fasfo, lasisin tuƙi mai hoto, ko kati mai tambarin PASS, wato tsarin ƙasar na katunan shaidar shekaru. Hoton fasfo a cikin waya ba ya wadatarwa, haka ma katin makaranta da ba shi da wannan tambari.

Sai 'yan kasuwar suka ƙara nasu a kai. Gane ɗan shekara 17 da ɗan 19 da ido abu ne mai wuya, wani yaron ga gemu ga tsawo. Shi ya sa suka fito da tsarin da suke kira Challenge 25: duk wanda ma'aikaci ya ga kamar bai kai 25 ba, a tambaye shi shaida. A Ingila shagunan ne suka ɗora wa kansu, ko da yake ƙananan hukumomi da yawa suna rubuta shi cikin sharuɗɗan lasisi, daga nan kuma ya zama dole ga wannan shagon. A Scotland doka ce ta wajabta shi tun 2011.

Ga yadda abin yake kasancewa. Mutum ya zo da gwangwani huɗu ya ajiye, na'ura ta yi ƙara, allon ya tsaya yana jiran ma'aikaci ya tabbatar da shekaru. Yarinyar da ke wurin ta ɗaga kai ta dube shi ta ce, "Yallaɓai, don Allah ko zan ga katin shaida?" Shi kuma ya ce shekararsa 29, yana da mata da ɗa, jiya ma a nan ya saya babu wanda ya tambaye shi. Duk wannan na iya zama gaskiya. Amma da zarar ta tambaya, a yawancin shaguna ba ta da ikon janyewa, ko manaja ya zo bayanta zai goya. Idan babu kati babu ciniki. Mai sayen da ya san haka yakan fito da katinsa tun kafin a tambaya, a gama cikin daƙiƙa biyar. Wanda ya tsaya ɗaga murya yana neman yarinyar ta jefa aikinta da bizarta cikin hatsari ne don ya huta da komawa mota ɗauko lasisin tuƙi, kuma wannan rashin adalci ne ƙarara.

Akwai dalilin da ya sa ma'aikata ba sa sassautawa ko ga fuskar da ta yi kama da ta mutumin kirki. 'Yan sanda da jami'an kula da ciniki na ƙaramar hukuma suna turo yara 'yan sa-kai, masu shekara 15 ko 16, su shiga shago su gwada saye, jami'i na tsaye nesa kaɗan yana kallo. Doka ce ta halatta wannan gwaji. Shagon da aka kama sau biyu cikin wata uku ya shiga laifi na daban a ƙarƙashin sashe na 147A: ana iya hana shi sayar da giya daga kwana 2 zuwa kwana 14, ko kotu ta dakatar da lasisin har wata uku. Ga ƙaramin shagon da ribarsa ta dogara da wannan ciniki, wata uku na iya zama rufewa ke nan.

Inda rigima ta fi yawa shi ne sayen giya a madadin yaro. Sashe na 149 ya ce laifi ne ga babba ya saya wa wanda bai kai 18 ba, shi ma yaron da ya yi yunƙurin saye ana iya cin sa tarar da ta kai fam 1,000. Saboda haka idan samari uku suka zo tare, ɗaya ne zai biya, ma'aikaci kan tambayi dukansu shaida. In ɗaya ba shi da ita, a fasa cinikin gaba ɗaya. Idan aka ga yaro a bakin ƙofa ya miƙa wa babba kuɗi, babban ya shigo, ba za a sayar masa ba ko da furfura ce a kansa. A nan ina ganin wasu ma'aikatan suna wuce gona da iri. Uwa ta zo sayayyar mako da ɗiyarta mai shekara 15, keken kaya cike da shinkafa da sabulu, kwalba ɗaya a ciki, a hana ta. Doka ba ta hana babba sayen giya don yaro na tsaye kusa da shi ba. Abin da ake nema shi ne alamar cewa yaron za a ba wa: shi ya zaɓo, shi ya miƙa kuɗi, ko an ji suna shawara. Ma'aikaci ya yi amfani da hankalinsa, in ya rasa tabbas ya kira na gaba da shi.

Sashe na 141 kuma ya haramta sayar wa wanda aka san ya bugu, tarar ta kai fam 1,000. Dokar ba ta ba da ma'auni ba, ido da hanci ne: tangaɗi, harshe ya yi nauyi, kuɗi na zubewa daga hannu. Abokinsa da ya zo karɓar masa shi ma ba a sayar masa.

Akwai wasu shaguna na musamman da suka yawaita a biranen Ingila, masu sayar da giyar da ƙananan masana'antu ke haɗawa kaɗan-kaɗan, kowace da ɗanɗanonta da sunanta, masu tsada. Masu sayenta kan daɗe suna hira da mai shago a kan wacce ta fito sabuwa, har sabo ya shiga tsakani, kuma sabon ne ke jawo matsala. Mutum ya saba, sai ya ga ai ba komai in ya fasa gwangwani ya ɗanɗana a tsaye, ko a sayar masa minti biyar bayan lokacin da lasisi ya ƙayyade. Idan lasisin shagon na saye a tafi da shi ne, shan a ciki saɓa sharaɗi ne, sayarwa a wajen lokaci kuma laifi ne da zai iya kai mai shago gidan yari har wata shida. A Scotland lokacin a bayyane yake ga kowa: daga ƙarfe 10 na safe zuwa 10 na dare, na'urar ma ƙin karɓa take yi. Sannan wasu daga cikin waɗannan giya suna da ƙarfi, barasar da ke ciki kashi 8 ko 10 cikin ɗari, ninki biyu na wadda aka saba. A 2012 garin Ipswich da ke Ingila ya fara wani shiri na shawo kan shaguna su daina sayar da giya mai arha da ta kai kashi 6.5, saboda masu sha a kan titi, wasu garuruwa suka bi sahu. Shi ya sa shago ɗaya zai sayar da wani gwangwani, na kusa da shi ya ce lasisinsa bai ba shi dama ba.

Abin da barasarsa ba ta wuce kashi 0.5 cikin ɗari ba, doka ba ta lissafa shi a giya. Duk da haka manyan kantuna da yawa suna neman shaida kafin su sayar da irin wannan, tsarinsu ne na kansu, kuma suna da ikon yin haka. Shago ba dole ba ne ya sayar wa kowa, muddin ƙin sayarwar ba saboda launin fata ko ƙabila ko addini ba ne. Wannan sharaɗi yana da muhimmanci ta ɓangare biyu: ma'aikacin da ke tambayar baƙaƙen fata kaɗai shaida yana barin sauran ya saɓa doka, kuma wanda aka yi wa hakan yana da damar kai ƙara ga manaja ko ofishin kamfanin.

Ma'aikacin da shi kansa bai kai 18 ba, sashe na 153 ya ce kowane ciniki na giya sai babba mai alhaki ya amince da shi ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa wani lokaci ake jira a layi har mai kula ya iso.

Zagi da barazana a kan ƙin sayarwa sun yi yawa har majalisu suka sa baki. A 2021 Scotland ta yi doka ta musamman da ta mai da cin zarafin ma'aikacin kanti laifi mai zaman kansa, hukuncin kuma yana ƙaruwa idan an yi shi ne saboda ya nemi shaidar shekaru. A Ingila da Wales, dokar 2022 ta sa alƙali ya ɗauki dukan mai yi wa jama'a hidima a matsayin abin da ke tsananta hukunci. Ga wanda ke tsaye a wurin karɓar kuɗi, idan mai saye ya fara faɗa, kada ya biye masa. Ya janye kayan daga gabansa, ya ce, "Yi haƙuri, dokar shago ce, bari in kira manaja," ya danna ƙararrawa. Bayan mutumin ya tafi, ya rubuta a littafin da ake ajiyewa na waɗanda aka ƙi sayar wa: rana, lokaci, abin da aka so saye, da dalili. Wannan littafi jami'an ƙaramar hukuma kan nemi gani idan sun zo bincike, kuma da shi ma'aikaci zai nuna cewa tambayar shaida al'adarsa ce idan wata rana aka zarge shi da sakaci.